Kwalba Mai Jan Murfi

Ranar da basilla ta suɓuce daga hannun Baba
ta yi ƙara bisa daɓe, zauren ya yi tsit.
Shekara arba'in Modi Baduku yana huda fata a Rijiyar Ɗorowa,
ko gyangyaɗi bai taɓa ƙwace masa ita ba.
Ya dubi yatsunsa kamar na aro.

Da dare jiki ya ɗau wuta.
Gwiwa ta ƙi, idon sawu ya kumbura,
ƙuraje suka bazu a ƙirji kamar an watsa wa kaji gero.
Mutumin da ke tafiya miƙe kamar giginya
ya tafi alwala a duƙe, yana dafa bango.
Inna ta ce sanyin damina ne.
Mai kemis ya ce maleriya, ya ƙirgo ƙwayoyi,
kwana uku ana sha, ko gaisawa ba su yi da ciwon ba.

Sai kwana na takwas muka kai asibiti.
Luba ta ɗakin gwaji ta nemi jijiya sau uku,
jijiyar tsoho tana wasan ɓuya.
Ta sami ɗan abin da ta samu,
sannan ta miƙo mini kwalba mai jan murfi,
tsawonta bai kai babban yatsa ba.
"Na asuba," in ji ta.
"Jini shi ne babban shaida,
amma wagga cuta ba ta daɗewa cikinai.
Za mu tambayi fitsari ma, ko ya riƙe saura.
In ya yi shiru, kada ka ɗauka babu."

Ni da ban taɓa faɗin sunansa a gabansa ba,
ni ne tsaye bayan makewayi kafin assalatu.
Ya miƙo ta ta saman katanga.
Bai dube ni ba, ban dube shi ba.
Da sauran ɗuminsa a jikinta.

Na naɗe ta a baƙar leda, na sa cikin kwanon ƙanƙara,
na hau kabu-kabu.
Kowane rami muka faɗa sai in ƙanƙame kwanon a ƙirji.
Abin da kullum ake kora da ruwan buta,
yau shi nake wa rakiya kamar baƙon girma.

Na tambayi Luba me injin ke yi da shi.
Ta ce marubuci ne marar gajiya:
in ya tsinci harafi ɗaya na ƙwayar cutar
sai ya kwafa, ya kwafa, ya sake kwafa,
har rubutun ya yi kaurin da ido zai gani.
Tana rufe baki aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari biyu, ya kama.

Ran Laraba takarda ta fito.
Jini ya yi shiru. Fitsari ya yi magana.
Cikungunya.
Na yi ta maimaita shi a hanya don kada ya zube mini.
Sauron rana ne, in ji ta, mai zanen fari a ƙafafu,
a ruwan da muka manta da shi yake haihuwa.
Babu allurar da ke kashe ta.
Ruwa, hutu, maganin zogi,
gaɓoɓi kuma za su daɗe suna mita.

Baba ya sa na faɗi sunan sau biyu.
"Ashe tana da suna," ya ce,
ya juya ga bango, ya yi barcin da ya kwana goma bai yi ba.

Na zagaya bayan gida.
Tsohuwar taya, fasasshen tulu, kaskon jiƙa fata,
kowanne da 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil.
Na kife su duka. Kaji suka yi buki.

Sai bayan kaka ya ce a miƙo masa basilla.
Hudar farko ta karkace.
Ya daɗe yana kallonta,
bai gyara ba,
ya zura zare, ya nemi ta biyu.