Bargon Ƙyallaye

Yau Litinin, an ɗauke wuta tun azahar.
Na ja kujera bakin taga
inda hasken Agege ya rage kaɗan.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwanuka na karkarwa a kanta,
zare ya ƙi kafar allura
sai da Afiniki ta zura mini, tana dariya:
Kaka, idanunki sun yi ritaya.

Buhu guda na ƙyallaye
telan ƙasan bene ke ba ni kyauta.
Shi a wurinsa shara ce.
Ni kuwa na san abin da ragowa ke iyawa:
uwata ta riƙe mu bakwai a Zonkwa,
wani daren da ƙanzo da ruwan zafi kawai,
ba wanda ya kwana da kuka.

Shuɗin nan rigar aikin Irimiya ce,
shekara ashirin da biyu yana gadi a Apapa,
har yau aljihun na warin baƙin mai.
Na kai almakashi wajen maɓalli, hannu ya ƙi.
Na bar shi.
Wanda ya kwanta a kai zai ji shi a haƙarƙari.
To, ya ji.

Jan nan mai tsuntsaye ankon bikin Briskila ne,
da bashi muka sayo shi a Balogun.
Ranar aka tsuge da ruwa
har amarya ta ƙetare kwata a bayan wanta,
takalmi ɗaya a hannu.

Adiren kuwa na Iya Morenike ne, maƙwabciyata.
Ta ce cocinmu abin mamaki ne,
ba shayi, ba kofi, ba ganga,
sai samari bibbiyu da fararen riguna
suna ratsa rana kamar balbela.
Tana faɗa tana miƙo ƙyallenta.
Na ɗinke shi jikin na Irimiya,
ban ji sun yi faɗa ba.

A coci an ba mu takarda mai rassa,
a rubuta uwa, da uwar uwa,
har inda tunani ya tsaya.
Nawa ya tsaya a ta uku.
Wadda ta haifi kakata, Kyauta ce ko Kande?
Masu amsa duk sun riga ni.
Na bar gurbinta fari a takarda,
a bargon ma na sa farin alawayyo
faɗin tafin hannu,
ta sami wurin zama kafin sunanta ya iso.

An koya mana mutuwa ba ta farke iyali,
abin da aka ɗaure nan, ɗaurarre ne can.
Yini guda na yi a mota zuwa Haikali a Aba,
ƙafa a kumbure,
don in ji wannan da kunnena.
Ban san yadda ɗinkin sama yake ba.
Na ƙasa dai, sai ka koma baya ka sake bi,
ƙullin kuma a ciki ake ɓoye shi.

Surukata ta ce, Mama, bargo a zafin Legas?
Afiniki ce za ta Jos karatu wata mai zuwa,
yarinyar da ba ta san sanyi ba sai na firij.

Anjima za su taru, daren Litinin namu ne.
Dogara zai fito daga cunkoson Oshodi
da burodi a hammata,
mu rera ɗaya, mu durƙusa,
mu yi musu a kan wanda ya shanye zoɓo.

Ga wuta ta dawo!
Unguwa ta ɗauki ihu, fanka ta juya,
ƙyallayena sun tashi sun watsu a tsakar ɗaki,
Irimiya ƙarƙashin kujera, Briskila bakin ƙofa.
Allurar ma ta faɗi.
Kowa ya tsaya inda yake, na ce,
kada wanda ya taka.