Almakashin Bahago

Kafin in saki kuɗina
na bi telolin Fagge shago-shago.
Ba na tambaya, hannu nake kallo.
Duk wanda ya ɗauki alli da hagu
sai in ja layi a bayan kwalin ashana.

Kwana tara, layi goma sha ɗaya.
Ɗanliti ya nuna mini kantar yatsansa,
wai ya saba da na dama.
Biyu suka ce sai bayan Sallah.
Wani ya ji kuɗin, ya koma taka keke.

Sai Talatu ta Ƙofar Mata:
ta ɗora samfurin kan shadda,
ta yanka, ta yi shiru,
ta sake yankawa,
ta ƙi mayar mini.

Dozin ɗaya zan saro.
Ko rabi.
Bari in sake ƙirga layukan.