Nauyin Wanda Ba Ya Nan

A garejin mahaifina, can bayan garin Tulsa,
fanka na kwasar zafin Yuli daga wannan kusurwa tana kai wa waccan.
Na ɗora motar kan sikeli huɗu,
kowace taya da nata,
kamar mai rabon gado.

Littafinsa na nan, giris ya cinye gefen takardun.
Sifirin ɗin gaba: laba ɗari biyu da ashirin ga kowane inci.
Na baya: ɗari da talatin.
Ƙasa da su ya ja layi biyu, ya sa hannu, Orval Tackett,
ya rubuta: kada a taɓa.

Wata bakwai ban taɓa ba.

Sai ranar Asabar, da fitila ta koma kore,
na saki birki, na take totur,
tayar baya ta tsaya wuri ɗaya tana kururuwa,
hayaƙi ya tafi, ni ban tafi ba.
Da ta kama ƙasa kuma sai ta zame dama
kamar wadda aka kira daga cikin 'yan kallo.
Ƙafa sittin na farko sun cinye mini kusan daƙiƙa biyu
a tseren da dukansa rubu'in mil ne.

Yakan ce, yana goge sifana a cinyar wandonsa:
Marlys, sifirin ɗin gaba ki nemi dogo mai laushi,
wanda za a danne ya haɗiye ya yi shiru.
Mai haƙuri ne, amma yana ƙirgawa.
In lokaci ya yi zai miƙe da hancin mota
ya juye kayan duka a kan tayoyin baya
har su ciji kwalta.
Shokozoba kuwa linzami ne:
ya bar gaba ta tashi da sauri,
ya hana ta faɗowa tim kamar buhun siminti.
Kika sassauta da yawa, mota ta kalli sama,
ba a kuwa tsere a sama.
Kika ƙulle, taya ta yi ta lasar hanya ba ta ci ba.
Abu ɗaya ake canzawa a rana ɗaya.
Mai canza biyu bai san wanda zai gode wa ba.

Duk na haddace. To me ya ɓace?

Sikelin hagu ya gaza da laba casa'in.
Na leƙa tankin mai, na duba batir,
na auna iskar taya har sau uku,
na zargi sikelin, na buge shi da ƙafa.
Dewey Pruitt na bakin ƙofa da kofin gahawa,
bai ce komai ba sai da ya shanye.
Ya ce, shiga ki zauna mu gani.
Na shiga, na ɗaura bel.
Ya duƙa ya karanta, ya daɗe bai ɗago ba.

Ya ce, ubanki laba ɗari biyu da arba'in ne,
ban da abin da ya ci a hanya.

Ashe motar shi take jira.
Duk lissafin nan da jikinsa aka yi shi,
kujerar ma ta lotsa daidai faɗinsa,
ni ina zaune a cikin ramin kamar ƙwaya a turmi.

Dewey ya ce ana iya ɗaura darma ƙarƙashin kujera,
laba casa'in cif, shi ke nan, ba a taɓa komai ba.
Na yi shiru ina juya maganar.
In ɗauki ƙarfe mai nauyin rashinsa
in riƙa kai shi ƙarshen layi duk Asabar?

Na jawo jak.
Notin farko ya ƙi, na sa masa mai, na jira.
Sifirin ɗinsa ya fito da tsatsa a wuya,
na rataye shi a ƙusar da yake rataye hula.
Na sa mai laushi, na murɗa shokozoba ƙas, ƙas, ƙas.
Abu biyu ke nan a rana ɗaya, na sani, Baba.

Ƙarƙashin layinsa biyu akwai ɗan fili.
Na rubuta lambata da fensir,
don ban tabbata ba tukuna.