Ran da Na Rufe Rumfa

Ran Talata na bar rumfata a Farin Gada,
na danƙa wa Sale buhu shida na dankali,
na ce kada ya ba da bashi, ko da liman ne.
Hansatu ta riga ni bakin titi,
ta rungume fayil kamar jaririn aro:
sakamakon jarrabawa, hoto huɗu,
biro biyu, don kada ɗaya ya ci amana.

Ni haɗa magani na so mata,
farar riga, shago mai gilashi,
mutum ya shigo da tari ya fita da godiya.
Ita ta ce tarihi, falsafa, adabi.
Na ce, a cikinsu wanne ake ɗorawa a murhu?
Ta yi murmushi ta kau da kai. Halin uwarta.

Ta farko tana kan hanyar Bukuru.
Ƙofarta ta fi ta banki.
Wata yarinya ta zagaya da mu tana tafiya da baya,
bakinta bai tsaya ba, ƙafarta ba ta yi tuntuɓe ba.
Littattafai a jere, fes,
babu wanda gumin yatsa ya taɓa ɓatawa.
Da aka miƙo takardar kuɗi
na mai da sifilan buhuna a zuci,
na ga cinikin shekara ya tafi a zango ɗaya.
Hansatu ta ce, Baba, ba ma kuɗin ba.
Ɗalibai uku na tambaya me suke karantawa,
kowa albashin da yake hange ya faɗa mini.

Ta biyu kuwa Taminus ce ran jajibiri.
Yara a kan taga suna rubuta maganar malamin da ba sa gani.
Awa biyu muna layi,
sannan aka ce mai sa hannu ya fita tun hantsi,
kwat ɗinsa ce ke aiki a kujera.
Muka sayi gasasshiyar masara, muka ci a tsaye.

Ta uku sai da mai keke ya yi tambaya sau biyu.
Can gindin duwatsun Shere,
gini huɗu, itatuwa sun fi mutane.
Ruwa ya kece, muka faɗa ɗakin da muka tarar a buɗe.
Ashe aji ne. Yara goma sha biyu a teburi ɗaya,
da wata dattijuwa, Malama Kaneng, alli har a gwiwar hannu.
Ta ba mu kujera, ta ce, baba, ɗan ina ne kai?
Na ce Gangare.
Mahaifi fa?
Na ce daga Kazaure ya tako, haƙar kuza ta kawo shi,
kwano a ka har tsakiyar kansa ta daina fid da gashi.
Ta ce, a nawa? Wa ke awo? Me suke cewa in rami ya rufta?

Shekara talatin ba wanda ya tambaye ni.
Na yi ta zuba kamar ruwan da ke dukan kwano.
Na ɗaga kai, sai ga biro goma sha uku suna gudu.
Na sha ukun na 'yata ne.

A hanyar gida muka wuce wani tafkin kuza,
kore, shiru, ya haɗiye abin da ya sani.
Hansatu na cike fom a kan cinya,
keke na tsalle, haruffa na karkacewa.
Ni ke riƙe da fayil yanzu.

Har yau ban san wanne ake ɗorawa a murhu ba.
Na dai sa hannu inda ta nuna.

Da safe na tarar Sale ya ba da buhu biyu bashi.
Liman ne, in ji shi.