Wata Goma Sha Takwas a Kars

Daren da zan tafi, innata ta ƙunsa mini lalle a tafin hannu,
ɗan kewaye kamar kwabo.
Ta ce, "Kafin ya goge ka saba."
Ya goge a mako na uku.
Ban saba ba.

Daga Aydin, garin ɓaure da zaitun,
jirgin ƙasa ya yi ta tari da mu kwana biyu
kafin ya tofar da mu a Kars,
inda sanyi ke da haƙora.
Aka yi mana aski ƙwal. Aka ba ni takalmi
wanda ƙafafuna biyu za su kwana a guda.
Na ce wa Saje Nurettin ya yi mini yawa.
Ya ce, "Ƙafarka ce ta yi kaɗan. Gyara ta."

Na zo da takardar kwaleji a ƙasan jaka,
ina jin kaina ya fi ƙarfin hula,
sai aka miƙo mini wuƙa da buhun dankali.
Bindiga kuwa sau tara na harba ta, duk a kan allo,
harsashi shida suka tafi yawonsu.

Gadon Bedri na ƙarƙashin nawa,
makiyayi ne daga duwatsun Agri,
maganarsa tsada, tamkar saya yake.
Shi ya nuna mini a naɗe yatsu da jarida kafin a sa safa,
a ɓoye burodi a hammata don kada ya daskare.
Ni nake rubuta masa wasiƙa zuwa ga matarsa Gulizar.

"Rubuta: tunkiya mai baƙin kunne, kada a sayar.
Rufin ɗaki na yoyo ta gabas.
Ina cin abinci."
Na ga wasiƙar tsirara take, na ɗinka mata riga:
farin wata, taurari, zuciya mai ƙuna.
Tunkiyar ma na bar ta waje.

Amsa ta zo bayan kwana ashirin, ni na karanta da bakina:
"Ka gaishe da mai rubuta maka,
amma ya rubuta abin da ka faɗa.
Wannan ba muryarka ba ce.
Tunkiyar fa, a sayar ko a bari?"
Bedri bai yi dariya ba. Da ma ya yi.

Wani dare a bakin gadi barci ya sace ni a tsaye.
Da Saje ya zo da tocila
Bedri ya ce aikinsa ne, shi ya makara.
Na ji saukar marin daga inda na laɓe,
na yi shiru,
shirun da har yau yake mini ƙaiƙayi.

Kwanakin ƙarshe da lambar motocin larduna muke ƙirga su.
Ranar da saura tara, lambar garinmu,
na saya wa ɗaki duka shayi.
Bedri ya rubuta adireshinsa da kansa a bayan kwalin taba,
haruffa na tangaɗi kamar 'yan raguna sabuwar haihuwa.

Shekara talatin da ɗaya ke nan.
Har gobe ina gyara gado kafin in wanke ido,
ina cin abinci kamar ana kora ta,
ba na raina mai hannu kaushi.
Ƙasa kuwa, ban san ko na tsare ta ba.
Na dai tsare wata ƙofa da ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasawa.

Jibi ɗana Tolga zai tafi, nasu wata shida ne.
Uwarsa na kwaɓa lalle a kicin.
Yana jiran in yi masa huɗuba,
na ba shi allura da zare da tsohuwar jarida.

Kwalin tabar na nan cikin akwati.
Yau zan rubuta, ba wata, ba taurari:
Bedri, ni ne na yi barci.
Ina cin abinci.
Yaya tumaki?