Abin da Taɓo Ya Karanta

Daga tsohon ramin kuza na bayan Bukuru na ɗebo su,
inda kakana Barau ya bar ƙarfin gadon bayansa
yana dakon ƙasa a kwano, ladan mako bai cika tafi ba.
Ramin ya zama tafki tun ban zo duniya ba.
Na zura gora har ƙasa, ta fito da baƙin taɓo
mai warin ruɓaɓɓen ƙwai.
Kachollom ta toshe hanci, ta ce, "To, ga baƙinki nan."

Ba sa son iska. Iska ajalinsu ce.
Gishirin farar wuta suke shaƙa a madadinta,
warin nan kuwa numfashinsu ne, ba rashin tarbiyya ba.
Dubu a cikinsu ba su cika tsinin allura ba.

Muka rufe su a kwalba, muka liƙe bakinta,
muka tsoma musu ƙarfe mai faɗin ɗan yatsa, da waya a wuyansa.
Kwana tara shiru.
Ran na goma, hazo bai gama sauka daga kan duwatsu ba,
hannuna na rawar sanyi a jikin kofin shayi,
sai allurar mita ta motsa
kamar mai barci ya gyara kwanciya.
Ƙarfen ya yi baƙi, ya yi yauƙi, ka ce kuɓewa aka shafa masa.

Littafi guda ne a cikin kowannensu,
gadon kaka da kakanni, naɗe inda ido ba ya kai.
Sai dai kowa da shafin da yake buɗewa.
Mai yawo a ruwa yana bitar babin wutsiya,
don iyo ne sana'arsa.
Wanda ya sami ƙarfe ya rufe wannan, ya ce tafiya ta ƙare.
Ya buɗe babin danƙo, ya buɗe babin gini,
ya buɗe wanda ke koya masa lasar lantarki daga jikin ƙarfe,
ba ludayi, ba akushi.
A kwalabena akwai shafi goma sha bakwai da suka buɗe
da na kasa gane abin da suke faɗa.
Na ba su lamba. Lamba ba suna ba ce.

Karatun nasu ba ya jiran kowa.
Ka kankare ƙarfen ka daskarar da saƙon nan take,
in ba haka ba ya bi raɓa.
Daren wata Laraba aka ɗauke wuta,
janareto ya yi tari biyu ya kwanta,
aikin wata huɗu yana zufa a cikin firji.
Na tari Keke zuwa Faringada da silifa wari-wari,
na tashi mai ƙanƙara daga barci, ya tsuga mini kuɗi, na biya.
Cikin takwas, uku suka tsira.
Ban yi kuka ba sai da na zo wanke sauran.

Inna ta ce, "Duk bokon nan, tsatsa kike kiwo?"
Na ce su ne suka cinye bututun rijiyarmu ta ƙarƙashi,
ina so in san ta ina suke fara gutsura.
Ta ce, "In kin sani, ki gaya wa mai gyara, ya rage mana kuɗi."

Wani lokaci, in dare ya raba ina gadin mita,
Barau nake tunawa.
An kwaso shi daga Katagum da kaushin fartanya a hannu,
aka tsoma shi a ramin da bai san harshensa ba.
Ya rufe babin gero. Ya manne.
Ya yi ɗaki, ya haifi uwata, ya koyi gaisuwar Birom.
Sauran shafukan da suka buɗe a ƙirjinsa
ba wanda ya daskarar.

Allura ta ƙara motsawa. Na duba agogo,
na rubuta: uku saura kwata.