Ɗaki na Goma Sha Huɗu

Ranar Laraba a Sheffield ruwa ba ya sallama.
Na hau bene da karyayyar lema, takardu a hammata,
ɗaki na goma sha huɗu, Sashen Nazarin Mata,
inda na'urar ɗumama ɗaki ke tari kamar tsohon da ya ƙi asibiti.
Aka ce ni zan rubuta bayanin taro,
wai baƙuwa ba ta da ɓangare.

Farfesa Morwenna ta fara, kanta fari fat.
Ta ce da hannunta ta jawo kujerun sashen nan
a shekarun da maza ke leƙowa suna dariya.
"Mun sha wuya kafin kalmar mace ta hau allo,
yau ku ce in sassauta mata ɗauri?"
Muryarta ta yi rawa.
Ban rubuta rawar ba.

Imogen ta miƙe, doguwa, da jan mayafi a wuya,
wadda takardar haihuwa ta kira da wani suna
da ta binne shekara tara ke nan.
Ta ce, "Ba kujerarki na zo ƙwata ba,
tsayuwar ce ta ishe ni."
A ƙasa ɗalibai sun ɗaga kwalaye, tawada na zuba,
waɗannan na cewa a kori Farfesa, waɗancan a ƙyale ta,
ruwa na dukan kowa daidai wa daida.

Sai Ellis, can ƙurya kusa da butar shayi:
"Tun ɗazu kuke buga misali da jikina.
Mata-maza aka haife ni.
Likita ya yanke shawara, ya yanke nama,
ina da wata bakwai a duniya.
Ba wanda ya jira in yi baki.
Ga shi na yi bakin, kuna ta magana ta saman kaina."

Nan alƙalamina ya cije.
A zuci da Hausa nake rubutu, kullum,
kuma Hausa ta tsare ni a ƙofa:
ya ce, ko ta ce?

Na tuna kakata Tasalla, ungozomar unguwarmu a Malumfashi,
daren da ta dawo daga gidan mai gyaran keke
ta daɗe tana wanke hannu a bakin rariya.
Aka tambaye ta, me aka samu?
Ta ce, "An samu rai. Ku kai musu itace."
Daga nan ba ta ƙara ba, har ta koma ga Allah.

Jaririn ya girma, ko ta girma,
ana kiran sunan Sallau a gida, Salame a bakin famfo.
Mu yara muna bi a baya da tafi da waƙa.
Ni ce mai ƙara baiti.
Muryata ta fi ta kowa zaƙi, haka ake cewa.

Ƙarfe biyar aka tashi.
An kafa kwamiti, kamar yadda aka saba.
Morwenna ta tsaya neman tabarau, yana bisa kanta.
Imogen ta gani, ta buɗe baki, ta fasa.
Ellis na wanke kofunan da wasu suka sha.
Na rubuta: An tattauna. Ba a cimma matsaya ba.

A bas, saman bene, gilashi ya yi gumi,
na kira Inna, kati saura kaɗan.
Na ce, "Wai ina labarin gidan mai gyaran keke?"
Shiru, sai kukan akuya daga nesa.
"Me ya tuno miki?"
"Ba komai."
Ta ce, "Ana nan. An buɗe shago a tasha,
ana sayar da kalanzir da ashana.
An tsufa dai. Ran nan ma an tambaye ki."

An.
Ashe kalmar na cikin bakinmu tuntuni,
ni ce na ƙetare teku ina nemanta.

Na ce, "Ki gaida min."
Ta ce, "In ce daga wa? Ai muryarki aka sani."